Motar Malam Ba Ta Tashi da Turi

Tsintsiyar ta fara gani. Doguwa ce mai mariƙin katako, tana yashe a tsakiyar titi, daidai inda hanya ta fara gangarawa zuwa kasuwa. Bas ɗin da take ciki ya rage gudu saboda taron jama'a, sai ta leƙa ta taga. Wani ɗan sanda na durƙushe yana zana layi da alli. Tarkacen gilashin fitila na ƙyalli a kan kwalta. Ga warin takalmin roba a bakin kwata.

"Tsohuwar nan ce mai sharar titi," in ji kwandasta. "Tun shida da kwata mota ta kwashe ta, ta yi gaba."

Ta yi mata addu'a a zuci, ta wuce kantin littattafan da take aiki. Lauya ake kiranta a gida. Ba lauya ba ce, Baffanta ne ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama saboda yawan tambaya, har na yanka ya ɓace.

Da sha biyun rana wayarta ta yi ƙara. Mamanta ce.

"Ki je ofishin 'yan sanda. Sun tafi da babanki. Wai shi ya buge matar nan."

Ta tarar da mahaifinta a bayan kanta, zaune a ƙasa. Malamin lissafi ne, shekara talatin yana koyarwa, kowa Malam yake ce masa. An karɓe sandarsa, ƙafarsa ta hagu, wadda ta shanye tun yana yaro, tana miƙe a gabansa kamar ba tasa ba. A kan benci kuma ga Baffa, yayan Malam, bakanike mai gareji, yana share ido da hankici.

Sufeto mutum ne mai furfurar gashin baki da idanun wanda ya gaji da kukan dangi. Bai ɓoye mata komai ba.

"Matar ta cika da ƙarfe goma. Mutum uku sun ga motar: tsohuwar ƙira, koriya. Irinta biyu ce kacal a wannan yanki, ta babanki da ta yayansa. Ta babanki ga ta can a tsakar gida, bonet a lotse, bamba a karye, fitilar dama a fashe. Gilashin da muka kwaso a titi nata ne."

"Wa ya kawo ta?"

"Ni na kira su," in ji Baffa, bai ɗago ba. "Ya kawo min ita da safe, jikinsa na ɓari, wai in gyara kafin a gani. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya, amma rai ne aka kashe, Lauya. Ya zan yi da Allah?"

Ta matsa jikin kantar.

"Baba, kai ne?"

"Bakwai da rabi na kai ta," Malam ya ce a hankali. "Canjin baƙin mai, kamar kowace Asabar ta farkon wata. Na ajiye makulli a kan tebur, na hau bas."

"Lafiyarta lau?"

"Lau."

"To ka gaya musu mana!"

"Na gaya musu."

Sai Malam ya dubi yayansa, dogon kallo, kamar mai jiran a kira sunansa.

"Litinin kotu," in ji Sufeto, ya rufe fayil.

A bakin ƙofa Baffa ya dafa kafaɗarta, ya ce ta yi haƙuri, shi ma ubanta ne. Sannan ya tsayar da babur ɗin haya ya hau. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Mutumin da ko shagon bakin layi sai ya tayar da mota, yau shi ne a bayan babur yana riƙe da hula.

Motocin nan biyu rana ɗaya aka sayo su, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Launi ɗaya, ƙira ɗaya, har lambobinsu a jere suke. Abu ɗaya ya raba su. Ta Baffa mai giyar hannu ce, da kuloci a ƙarƙashin ƙafar hagu. Ta Malam otomatik ce, mai canja giya da kanta, saboda ƙafarsa. Baffa bai taɓa barin maganar ta kwanta ba. "Motar malalata," haka yake ce mata a gaban kowa. "Ita ke tuƙa shi, ba shi ke tuƙa ta ba." Malam sai ya yi murmushi ya biya kuɗin mai.

Washegari da sassafe Lauya ta koma kan gangaren. An share titin, wata sabuwar mai shara ce da sabuwar tsintsiya. A gefen hanya akwai rumfar mai faci, ɗaya daga cikin shaidun uku. Ta daɗe tsaye tana gyara gilashin idonta kafin ta iya yin sallama.

"Na riga na faɗa wa 'yan sanda," ya ce, yana tsoma tiyub a bahon ruwa. "Koriya ce. Ban ga lamba ba, ban ga fuska ba, gilashin a rufe yake, gari bai gama wayewa ba."

"Ba fuska nake tambaya ba, Baba. Bayan ta buge ta, me motar ta yi?"

"Me za ta yi? Guduwa."

"Nan take?"

Ya tsaya da abin da yake yi.

"A'a fa. Da ya taka birki sai ta yi tsalle ta mutu. Na ji yana murɗa makulli, ƙyar, ƙyar, ƙyar, ta ƙi tashi. Har na taso da gudu na ce yau na kama ɓarawon rai. Sai kawai ya sake ta, ta fara gangarawa shiru, ba ƙara. Ta kai wajen falwayar can sai ta yi wata girgiza, bum, ta tashi. Ya ba ta wuta."

"Ka gaya wa Sufeto wannan?"

"Bai tambaye ni ba. Launi ya tambaya." Ya ɗago tiyub ɗin yana duban kumfa. "Amma ko wane ne, tsohon hannu ne. Tayar da mota a gangare ba tare da mai turi ba, ba aikin ɗan koyo ba ne."

Ta koma gida kusan da gudu. Littafin motar ba a cikin mota yake ba, a kan shiryayyen Malam yake, tsakanin ƙamus da littafin aljabara, an yi masa bango da takardar kalanda. Tun tana 'yar shekara tara ta karance shi, wata rana da ta rasa abin karantawa. Littafi ɗaya ne na nau'in motar duka biyu. Ta buɗe babin giya, ta bi layi da yatsa, ta sami abin da take nema. Sai ta sake karantawa, don ba ta yarda da kanta ba.

Sufeto yana shan shayi lokacin da ta ajiye littafin a gabansa.

"Ranka ya daɗe, motar babana ba ta tashi da turi."

"To?"

"Wadda ta buge matar nan mutuwa ta yi, mai ita ya gangara da ita, ya saki kuloci ta tashi. Mai faci ya gani. Mai giyar hannu ce kaɗai ke yin haka, don ƙarfe ne ke haɗa taya da inji. Otomatik kuwa mai ne a tsakani, in inji bai tashi ba babu abin da ke haɗa su. Ga shi nan a rubuce."

"'Yata, ni ba da littafi nake aiki ba. Ga bonet, ga gilashi."

"To a gwada. Ga gangare nan a bayan ofis."

Ya dube ta ta saman kofi. Ko tausayi ne, ko don Lahadi ce ba aiki, ya miƙe.

Kurata huɗu suka tura motar, Sufeto da kansa a sitiyari, makulli a buɗe. Ta gangara har gindin katanga, shiru. Suka dawo da ita, suka sake. A karo na uku wani kofur mai tumbi ya zauna a ƙasa yana haki.

"Oga, wallahi ko jirgin ƙasa ne da ya tashi. Wannan gawa muke turawa."

Sufeto ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, injin na kaɗawa sumul. Ya kashe ta, ya fito, fuskarsa ta canja.

"Buɗe bonet," ya ce da kofur.

Suka sunkuya su biyu. Lauya ba ta san sunan rabin abin da ke ciki ba, amma ta san ƙura. Ko'ina ƙura ce da baƙin maiƙo na shekaru, ban da kan notunan da ke riƙe da bonet da bamba da fitila. Waɗannan suna ƙyalli, sifana ta taɓa su kwanan nan.

"Dubi nan," in ji Sufeto. Ya nuna lagireto, tankin ruwan da ke bayan bamba. "Bugun da ya lotsa bonet haka, ya karya bamba, amma wannan ko ƙwarzane babu."

A ƙasan lagireton akwai wasu siraran bututu biyu. Ɗaya na ɗigar da jan mai, kaɗan-kaɗan, notinsa a gurje. Lauya ta buɗe littafin, ta sami hoton.

"Man giya ne. A otomatik ta cikin lagireto yake bi ya huce. Mai giyar hannu ba ta da waɗannan bututun."

Sufeto ya goge yatsansa da hankici, ya dubi jan tabon.

"Babanki ya fita," ya ce. "Saura mu ga wa ya shiga."

A hanya zuciyarta ta tafi kan mutum ɗaya: Dogo, babban ɗan Baffa, mai yawon dare da abokai, wanda ke zaune a ofishin garejin yana amsa waya. Ta ce a ranta, in don ɗansa Baffa ya yi, mugunta ce, amma aƙalla mugunta ce da mutum zai iya ganewa.

Garejin a buɗe yake, ba ma'aikata. Baffa na zaune a kan tsohuwar kujerar mota, Dogo a tsaye jikin ƙofa yana danna waya. A can ƙurya, bayan tulin tayoyi, an lulluɓe wani abu da tampol.

"Sufeto da kansa? Har da Lauyata? Bismillah, ku zauna."

"Ina motarka?" in ji Sufeto.

"Ga ta can. Kwana huɗu ke nan tana kwance, kuloci ne ya ƙone."

"Jiya da safe, shida da kwata, kana ina?"

"A gida. Da ƙafa na zo."

"Ma'aikatanka fa?"

"Na sallame su jiya. Ba aiki sosai."

"Ranar Asabar ba aiki a gareji?"

Baffa ya yi dariya, shi kaɗai, ba wanda ya taya shi.

Lauya kuwa ƙasa take kallo. A bakin ramin da ake hawa da mota, an zuba yashi a kan wani tabo. Ta share shi da gefen takalminta. Ja ne.

"Baffa, canjin baƙin mai aka kawo ta. Me ya kai sifana wajen man giya?"

"Ke, yaushe kika zama bakanike?"

Sufeto ya yaye tampol ɗin. Motar na nan, koriya, bonet sumul, fitilu biyu lafiya lau. A kusurwar bamba akwai wani ɗan farin fenti, inda Malam ya gogi ginshiƙin makaranta shekara uku da suka wuce. Lauya na cikin motar a ranar. A ƙarƙashi kuma ruwa ya kwanta. Da aka ɗaga bonet, lagireton ya lanƙwashe ciki kamar an naushe shi.

Sufeto ya zauna a sitiyari, ya taka kuloci, ya sa giya, ya cire. Lafiyarsa ƙalau.

Baffa ya miƙe. Ya dubi ƙofa, ya dubi motar. Sannan ya nuna ɗansa da yatsa.

"Shi ne. Yaron nan ne ya ɗauke ta ban sani ba. Ni rufa masa asiri na yi. Wane uba ne ba zai yi ba?"

Wayar ta suɓuce daga hannun Dogo.

"Baba?"

"Yi min shiru! Ka ja mana abin kunya."

Abin da Lauya ta zo da shi a ranta ke nan, amma da ta ji shi daga bakin Baffa sai ya ƙi zama. Ta tuna duk wani zaman gida da aka yi, Baffa na ba da labari ana dariya: ɗan bakanike guda, ƙato, sau uku ana sa shi a mota yana kashe ta kafin ya kai ƙofa. "Wannan jinin ƙanena ne," yakan ce. "Sai motar malalata."

"Ranka ya daɗe," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yaya Dogo bai iya giyar hannu ba. Duk gidanmu an sani. Baffa ne ma ya sanar da kowa."

Sufeto ya fito daga motar, ya miƙa wa Dogo makulli.

"Zauna. Kada ka matsar da kujera."

Dogo ya yi ƙoƙarin shiga. Gwiwoyinsa suka tokare sitiyari, kujerar a matse take gaba, daidai tsawon gajeren mutum irin Baffa.

"Ina ribas?"

Ya kama sandar giyar, ya ja ta baya, ta yi ƙara ba ta shiga ba. Bai ma taka kuloci ba. Sai ya kifa kansa a kan sitiyari.

"Bakwai saura ya kira ni," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Ya ce in zo in kama masa bonet, mutum ɗaya ba ya iya ɗaga shi. Ya ce akuya ya buge. Muna cikin haka sai ga Baba Malam ya kawo tasa. Da ya tafi, sai Baba ya tsaya yana kallon motar, ya daɗe. Sannan ya ce in rufe ƙofa."

Sufeto ya ciro littafinsa.

"Lauya suke ce miki ko? Jero min shi daga farko, in rubuta."

Ta jero, tana kallon ƙasa. Baffa ya buge matar a kan gangare, ya taka birki bai taka kuloci ba, mota ta mutu. Batirinsa ya daɗe da rauni, sai ya tayar da ita yadda ya saba. Ya san an ga launin, ya san biyu ce kawai a yankin, gyara ba zai cece shi ba, dole laifin ya sami mai shi. Sai ga ɗaya motar ta shigo da ƙafarta. Bonet, bamba da fitila duk ɗaya ne, suka shiga daidai. Ya zo kan lagireto, ya kwance bututu, jan mai ya zubo, sai a lokacin ya ga nasa ba shi da inda za a ɗaura su. Ya mayar, ya bar kowace da nata.

"Shekara ashirin da biyu yana yi mata canjin mai," ta ce. "Bai taɓa sunkuyawa ya dubi giyarta ba. Ya raina ta."

Baffa bai yi musu ba. Da kofur ya kama hannunsa, sai ya juyo gare ta.

"Ni na sa miki sunan nan."

"Na sani, Baffa."

Da la'asar aka saki Malam. Motocin biyu aka riƙe su shaida, suna jere a tsakar ofis kamar ranar da aka sayo su. Aka mayar masa da sandarsa, suka hau bas.

A gida suka tarar da Kaka, mahaifiyar su Malam, zaune a falo. Lauya ta durƙusa ta gaishe ta. Tsohuwar ba ta amsa ba.

"Kin kyauta," ta ce daga baya, tana kallon bango. "Kin yi karatu. Wannan da kotu ta gan shi da ƙafarsa, da an tausaya masa, shekara nawa za a ba shi? Wancan kuwa shi ke riƙe da gidan nan. Mutum goma sha ɗaya ke ci a hannunsa."

"Kaka, mace ce ta mutu."

"Ta dawo yanzu?"

Malam na tsaye a bakin ƙofa, ya ji duka. Ya wuce ɗakinsa, sandar na ƙwanƙwasa siminti.

Lauya ta bi shi da littafin motar. Ya karɓa, ya gyara bangon da ya lanƙwashe, ya mayar da shi tsakanin ƙamus da aljabara.

"Da na kai motar jiya," ya ce, "na ga tasa a lulluɓe, ruwa na bin ƙasa. Na ga hannunsa na rawa da ya karɓi gaisuwata. Da 'yan sanda suka zo, kafin su gama magana na gama lissafin."

"Ka sani? Baba, ka sani ka yi shiru?"

"Na ce bari in ba shi kwana biyu. Tsoro ne. Tun muna yara haka yake, sai ya fasa abu ya ce ni ne, amma kafin dare yakan je ya faɗi gaskiya." Ya zauna a bakin gado, ya ɗaga ƙafar hagun da hannu biyu ya ɗora ta a kan katifa. "Shi ya goya ni zuwa makaranta shekara shida, kin sani?"

Ta zauna a gefen gadon.

"Ina bayan kantar nan ina kasa kunne. Na san ƙarar motarsa tun daga kwana, yadda yake sauke giya daga uku zuwa biyu. Duk motar da ta rage gudu a bakin ofis sai in ce ga shi nan." Ya yi ɗan murmushi, irin wanda yake yi in an kira motarsa ta malalata. "Na manta ba ta da gaban da za ta fito da shi. Nawa ne a jikinta."

Ya juya fuskarsa bango.

"Ja min ƙofar, Lauya."